Kaki, hoto da lambar yabo: tambayoyi da amsoshi kan adana tarihin sojan da ya rasu a fagen daga

Gidajen da suka rasa soja a yaƙi suna da yawa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato, tun daga waɗanda aka kwasa zuwa yaƙin ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a zamanin Turawa, zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da Laberiya da Saliyo, har zuwa wannan na Boko Haram da 'yan bindiga da muke ciki yanzu. Kusan kowane irin gida za ka tarar akwai wata adaka ko tsohuwar jaka da ba a cika buɗewa ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyalai suka fi yi game da abin da ke cikin wannan jakar, da kuma abin da ya kamata a ce yana ciki amma babu.

Me ya kamata mu fara ajiyewa cikin kayansa?

Lambarsa ta soja. Kafin kaki, kafin hula, kafin hoton da ya ɗauka ranar da ya gama horo a Depot na Zariya, ku nemo lambar nan ku rubuta ta a wuri uku ko huɗu. Tare da ita ku rubuta muƙaminsa, bataliyar da yake, ranar da ya shiga aiki, ranar da ya rasu da wurin. Mutane suna raina wannan saboda ai kowa a gidan ya sani, toh amma yau ne kowa ya sani, shekara arba'in nan gaba matar ta tsufa ko ta rasu, abokan aikinsa sun watse, jika ya tashi yana tambaya ace masa wai a Borno ne ko a Yobe, ba a tabbata ba. Soja ba ya neman mutum da suna kawai, da lamba yake nema, Musa Ibrahim nawa ne a rundunar sojan Najeriya?

Bayan wannan sai takardu: wasiƙar da aka sanar da ku rasuwar, katin shaidarsa idan an bar muku, takardun ƙarin girma, satifiket na kwasa-kwasai. Sannan tutar da aka lulluɓe akwatin da ita, wadda akan naɗe a miƙa wa iyali a jana'izar soja. Sauran kaya irin su agogo, carbi, ɗan ƙaramin Alƙur'ani ko Littafi Mai Tsarki na aljihu, waɗannan zuciya ce ke zaɓa ba sai an gaya wa kowa ba.

Malam, ajiye kayan mamaci don tunawa da shi bai saɓa wa addini ba?

Ajiye kaya daban, neman tabarraki da kaya ko yi musu wani abu mai kama da bauta daban. Na farkon akwai misalinsa a sira. Bayan yaƙin Badar, Nana Zainab 'yar Manzon Allah (SAW) ta aiko da fansar mijinta Abul As, a ciki har da wata sarƙa ta mahaifiyarta Nana Khadija, da Annabi ya ga sarƙar ya gane ta, tausayi ya kama shi sosai har ya nemi sahabbai idan sun yarda su saki mutumin su mayar mata da kayanta. Wato 'ya ta ajiye abin wuyan mahaifiyarta shekaru bayan rasuwarta, ba a kuma tsawata mata ba.

Inda malamai suke jan kunne shi ne a mayar da ɗaki kamar wani wurin ziyara, ko a riƙa fito da kaya kullum ana sabunta makoki ana kururuwa. Maganar rataye hoto a bango kuwa akwai saɓani sananne, wasu sun hana wasu sun sassauta, mafi yawan gidaje sai suka zaɓi su ajiye a albam, wanda dama ya fi kare hoton daga rana da ƙura. Ku tambayi malamin da kuke bi.

'Yan uwanmu Kirista ba su da wannan takurar, shi ya sa za ka ga hoton a falo cikin firem, da addu'ar cika shekara a coci.

Kayan na wa ne, matarsa ko mahaifiyarsa ko 'yan uwansa?

Nan ne ake ɓatawa. A shari'a duk abin da ya mallaka ya shiga gado, har agogo da waya, ba wanda zai ɗauke kawai don shi ya fi kewarsa. Kuma wanda soja ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, wannan ba yana nufin shi ne mai gadon komai ba, shi ne dai wanda hukuma za ta nema ta yi magana da shi, da yawa sun rubuta sunan yaya ko ƙane tun suna samari kafin aure ba su koma sun canza ba, sai bayan rasuwa rigima ta tashi.

Shawarata a nan, ranar rabon gado a ware kayan tarihi gefe guda, lambobin yabo da tuta da takardu da hotuna, magada su yarda da bakinsu a gaban shaidu cewa waɗannan ba za a raba su ba, za su zauna wuri guda a hannun wane amana har 'ya'yansa su girma. In akwai marayu ƙanana mai rabon ya san yadda zai kiyaye haƙƙinsu. Raba lambobin yabo ɗaya-ɗaya, wannan ya ɗauki guda wancan ya ɗauki guda, shi ne hanya mafi sauri ta ɓatar da su gaba ɗaya. Mahaifiya kuma don Allah kar a manta da ita, sau da yawa hankali yana komawa kan mai takaba da yara, ita tsohuwar da ta haife shi ko hularsa ba a ba ta ba. A wanke mata hoto mai kyau, a ba ta wani abu da ya taɓa jikinsa.

Kakanmu ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Akwai yadda za mu san inda yake kwance?

Akwai, kuma mutane da yawa ba su san da shi ba. Sojojin Najeriya na wancan lokacin suna ƙarƙashin rundunar Afirka ta Yamma ta Turawan Ingila, kuma Hausa ce harshen bariki. Wasu sun fara yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, su ne cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 aka kai su Indiya daga nan Bama, wato Myanmar ta yau, suka gwabza da Japan a kwarin Kaladan da yankin Arakan, aka ƙwace Myohaung a Janairun 1945. Wasu bataliyoyin Najeriya uku kuma an haɗa su da dakarun Chindit a 1944, waɗanda ake saukewa a bayan layin abokan gaba cikin daji. In ka taɓa mamakin daga ina sunayen barikokinmu suka fito, toh ga shi: barikin Chindit a Zariya, Dalet a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, duk daga can ne.

Hukumar da ke kula da kaburburan waɗanda suka mutu a ɓangaren Ingila a yaƙe-yaƙen duniya biyu ita ce CWGC, tana da shafi a intanet da kowa zai iya bincike kyauta. Babbar maƙabartarsu a Bama ita ce Taukkyan a wajen birnin Yangon, akwai kaburbura sama da 6,000, a tsakiyarta kuma akwai ginshiƙai da aka rubuta sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki. Akwai wasu namu kuma a maƙabartun Chittagong da Comilla a Bangladesh. A nan gida, cikin maƙabartar sojoji ta ƙasa a Abuja, akwai allon tunawa mai ɗauke da sunaye sama da 2,000 na yaƙe-yaƙen biyu.

Yanzu ga inda wahalar take. Bature mai ɗaukar soja ba ya rubuta suna yadda muke rubutawa. Galibi sunan yanka ne sai a liƙa masa sunan gari ko ƙabila, irin su Audu Kano, Garba Sokoto, Musa Bauchi, kuma garin ba lallai ne ainihin ƙauyensu ba, babban garin da ya ambata ne ko inda aka ɗauke shi. Muhammadu zai iya zama Momo ko Mama ko Mamadu, Abdullahi ya zama Audu ko Abdulai, Usman ya zama Osuman. Wasu ma da sunan ƙarya suka shiga don kar iyaye su gano, wasu kuma hakimi ne ya tura su. Saboda haka ku gwada kowane salo, ku gwada da garin a matsayin sunan uba. In kun samu mai kama, ku duba shekara da bataliya su dace da abin da tsofaffin gida suke faɗa, kar ɗoki ya sa ku rungumi kabarin kakan wasu.

Mun duba ta kowace fuska ba mu ga sunansa ba. Ke nan ƙarya aka gaya mana?

A'a. Ita kanta hukumar CWGC ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 ta amsa cewa a yaƙin duniya na ɗaya aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu ba ko ba a tuna da su kwata-kwata ba, alhali Bature guda ba a barinsa ba suna. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace ya ba da haƙuri a majalisa. Waɗanda abin ya fi shafa 'yan dako ne, masu ɗaukar kaya a ka suna bin sojoji, kuma an ɗebi irinsu daga nan zuwa yaƙin Kamaru na 1914 zuwa 1916 da na gabashin Afirka. Rashin suna a rajista ba shi ne rashin mutum ba.

Sai ku koma ga tsofaffi tun suna da rai. Ku ɗauki muryarsu a waya, wa ya zo ya tafi da shi, wane sarki ke kan gado, ya taɓa aiko da wasiƙa, wa ya karanta ta, wa ya kawo labarin rasuwar. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa suna da tsofaffin fayilolin larduna da jaridu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma da aka fara a 1939 ta riƙa kawo labarin yaƙin. Aiki ne na haƙuri, in akwai ɗalibin tarihi a dangi a ɗora masa.

Mun samu wasu lambobi a adakar tsoho, wasu kamar tauraro wasu kamar kwabo. Mene ne su?

In na yaƙin Hitila ne, masu siffar tauraro mai tsini shida na tagulla suna nuna inda mutum ya yi yaƙi, a jikinsu an rubuta. Akwai tauraron 1939 zuwa 1945, akwai na Afirka, akwai na Bama mai ƙyalle ja a tsakiya da shuɗi mai duhu da ruwan lemo a gefe. Masu zagaye kuma da kan Sarki George na shida su ne lambar tsaro da lambar yaƙi. Yawancin na yaƙin duniya na biyu ba a buga sunan mai su ba. Na yaƙin duniya na ɗaya kuwa ku juya ku duba baki-baki ko baya da kyau a cikin haske, akan samu lamba da muƙami da suna da runduna, in kun samu wannan kun samu mabuɗin binciken da muka yi magana a sama.

Ba a kawo mana gawarsa gida ba, a can aka binne shi. Wannan abin yana cin mahaifiyarmu.

Allah ya ba ta haƙuri. Al'adar soja ce wanda ya faɗi a bakin aiki a binne shi a maƙabartar soja, waɗanda suka rasu a arewa maso gabas da yawa suna maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri, wasu kuma ana kai su Abuja. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016 a maƙabartar ƙasa ta Abuja yake, haka sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta a Maris na 2024. A Nijar ma bayan harin Inates na Disamban 2019 da aka rasa soja 71, a Yamai aka yi musu jana'iza ta ƙasa.

Abin da za ku iya gaya wa Mama, ranar Uhudu wasu sahabbai sun ɗauko gawarwakin 'yan uwansu za su kai Madina, Annabi (SAW) ya sa aka yi shela a mayar da su inda suka faɗi. Sayyidina Hamza har yau yana gindin dutsen Uhudu. Kuma addu'a ba ta buƙatar mota.

Amma wannan ba uzuri ba ne ga hukuma, gaskiya. Akwai iyalan da a Facebook suka fara ganin labarin, akwai waɗanda sai bayan an binne aka kira su. Haƙƙinku ne ku san maƙabarta da layi da lambar kabari, ku nema a rubuce ta hannun bataliyarsa, in hali ya yi a kai tsohuwar ko sau ɗaya ne ta gani da idonta. Ku ɗauki hoton allon kabarin, domin allunan suna kodewa, fenti ne kawai a kan ƙarfe ko siminti a wurare da dama.

Za mu iya gyara kabarin mu yi masa gini?

A maƙabartar soja ba ku ke da iko ba, tsari ɗaya ake yi wa kowa. In a maƙabartar gari yake, hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana shafe kabari da farar ƙasa da yin gini a kai. Sa alama don a gane wurin kuwa, Annabi da kansa ya ɗora dutse a kabarin Usman bin Maz'un. Kuɗin tayil ɗin a kai makarantar yaransa.

Yaya za mu adana takardu da kaki kar su lalace?

Maƙiyan su ne gara, danshi, ɓera, kyankyaso da rana. Akwatin ƙarfe ya fi jakar buhu ko kwali, a ɗora shi a kan wani abu kar ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, kuma a buɗe a duba kafin damina da bayanta. Kaki a tabbatar ya bushe sarai, a naɗe shi cikin farin yadi na auduga, leda tana tara gumi ta kawo fumfuna. In za a sa kafur a ƙulle shi a ƙyalle kar ya taɓa kayan kai tsaye.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar ku kai asalin takarda a yi mata lamineshin. Na san shi ne abin da kowa yake yi kuma yana ganin gata ya yi wa takardar, amma zafi da gam ne ake manna mata har abada, ba a cirewa, tawada tana iya dusashewa, wasu ofisoshin ma ba sa karɓar takardar da aka manne. A yi sikan mai kyau, a buga kwafi, kwafin a yi masa lamineshin ɗin a riƙa yawo da shi, asalin ya zauna a fayil. Ranar da za ku je bin haƙƙoƙinsa a hukumar fanshon soja ko hedikwata, kwafi ake bari, asali a nuna a dawo da shi gida. Kar a sa salatif a kan yagaggiyar wasiƙa, kar a bar ƙusar sitefula tana tsatsa a jiki. Bayan hoto a rubuta da fensir, wane ne, ina ne, wace shekara, su waye na gefensa.

Lambobin yabo kuma a bar su da duhunsu. Toka da lemon tsami da soson ƙarfe na wanke tukunya ne, suna cinye rubutun. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, tsohon ƙyallen da ke jiki ko ya kode kar a yar.

Wayarsa tana hannuna, akwai saƙonnin murya da yake turo min daga daji. Ina tsoron su ɓace.

'Yar uwa tsoronki yana kan hanya, ki yi wannan a makon nan ba sai an gama takaba ba. Waya tana mutuwa, ana sacewa, yaro yana jefa ta a ruwa. WhatsApp yana goge asusun da ya kai kwana 120 ba a hau ba, layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana sake sayar wa wani, Google ma yana iya goge asusun da ya shekara biyu a kwance. Saƙonnin da ke wayarki ki tura su zuwa imel ɗinki, ki sa a kwafe su a filas guda biyu, ɗaya a wurinki ɗaya a gidanku. Ki samu wanda kika yarda da shi ya yi miki a gabanki, kar ki bar wayar a shagon masu gyara ta kwana. Shafinsa na Facebook ana iya neman kamfanin ya mayar da shi na tunawa don kar wani ya shiga ya riƙa damfarar mutane da sunansa.

Wata rana yaron da yake goye yanzu zai so ya ji muryar babansa, jikokin sojan Bama da za su samu minti ɗaya na irin wannan da ba su san inda za su sa kansu ba.

In akwai hotunan wurin aiki, sansani ko makamai ko fuskokin abokansa da har yanzu suke can, a ajiye amma kar a watsa. Hoton gawa kuwa, wallahi masu tura shi a guruf suna rubuta Allah ya jiƙansa ba su san me suke yi wa iyali ba.

Ɗansa yana son ya sa kakin ya ɗauki hoto.

A cikin gida a ɗauki hoto a cire, wannan tsakaninku ne. Fita da shi titi kuwa a'a, doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a yanayin da ake ciki zai iya jawo masa duka ko abin da ya fi duka a shingen bincike. In kun tarar da harsashi ko wani abin da ya danganci makami a kayansa, wannan ba abin ajiyewa ba ne, a sanar da bataliyarsa su zo su ɗauka.

Ranar 15 ga Janairu da ake ta faretin, tana da wani amfani gare mu?

Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yi kamar sauran ƙasashen rainon Ingila, ranar da aka tsagaita wutar yaƙin duniya na ɗaya a 1918, daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana addu'a a masallacin Juma'a da coci, ana sayar da ɗan bajen da ake maƙalawa a ƙirji don tallafa wa 'yan mazan jiya, shugaban ƙasa ya ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba a Abuja, a saki tattabaru, gwamnoni su yi nasu a jihohi.

Ra'ayina, biki ne na manya, matar kofur da ke jiran haƙƙin mijinta shekara da shekaru furen nan bai kai ƙofarta ba. Amma kar ku ƙaurace. Ranar ce guda a shekara da 'yan jarida da kwamandoji da ƙungiyar tsofaffin sojoji suke wuri ɗaya kuma kunnensu a buɗe, in akwai fayil da ya maƙale ko maganar tallafin karatun yara, a je da kwafin takardu. Tsofaffin sojojin nan da ke tsaye a rana ma a gaishe su a tambaye su, wani lokacin a cikinsu ake samun wanda ya san bataliyar da kuke nema.

Wace hanya ce ta fi dacewa mu riƙa tunawa da shi?

Hadisin sananne ne, idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa. Shi ya sa rijiya ko burtsatse ta zama abin da aka fi yi, in ƙarfi bai kai ba randa a ƙofar gida, bishiya, tabarmi ko butoci a masallacin unguwa. Kafin komai dai a biya masa bashi, a tambayi abokan aikinsa da mai shagon bariki ko akwai wanda yake binsa.

Sai mayar da suna, wanda mu dama al'adarmu ce, a haifi ɗa a sa masa sunan marigayi a riƙa kiransa Abba ko Baffa ko Khalifa. Abin da ya rage a gaya wa yaron sunan wa ya ci, ba kawai a ce sunan kawunka ne soja ba, a ba shi labarin. Taron sadakar uku da bakwai da arba'in kuwa kun san akwai masu yi akwai masu cewa bidi'a ne, ba a nan za a raba wannan gardamar ba, abin da ba gardama a kansa shi ne kar a ci dukiyar marayu wajen dafa wa jama'a shinkafa. Lokacin da Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta cewa aka yi a dafa wa iyalinsa abinci a kai musu.

Namu ba a ce ya mutu ba, an ce ya ɓace tun bayan wani hari.

Wannan ya fi mutuwa wahala ta wata fuskar, ba takaba ba gado ba zaman makoki. Kar a raba kayansa kar kuma matar ta yanke wa kanta hukunci, maganar wanda ya ɓace alƙali ne yake yanke ta, fikihun Malikiyya ya yi bayanin wa'adin jira kuma wanda ya ɓace a fagen yaƙi hukuncinsa ya bambanta da wanda ya ɓace a tafiya. Ku nemi takarda daga rundunarsa da ke nuna matsayinsa, ita kotu za ta tambaya. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ma tana karɓar rajistar waɗanda suka ɓace a rikicin arewa maso gabas. Duk wanda kuka yi magana da shi, ku rubuta rana da muƙaminsa da abin da ya ce.

Akwai masu haɗa hoton mamaci da kwamfuta yana motsi yana murmushi. Mu yi?

Ni dai ban so. Gyara tsohon hoto da ya kode ba laifi, muddin an ajiye na asalin, don manhajojin nan ƙirƙirar fuska suke yi inda ba su gani da kyau ba, sai ka ga hanci ba nasa ba ido ba nasa ba, shekara goma yara sun haddace fuskar wani. Sa shi yana magana da muryar da ba tasa ba kuwa, ku tambayi mahaifiyarsa da matarsa tukuna kafin wani ƙane ya saka a sitatus.

Wani ya zo yana son sayen lambobin kakanmu, ya ce ba su da amfani a wurinmu.

In ba su da amfani me ya kawo shi? Akwai kasuwar masu tara irin waɗannan a Turai, kuma lambar da ke da sunan sojan Afirka a jiki, musamman in tana tare da takardar sallama ko hoto, ta fi wadda ba suna daraja nesa ba kusa ba. Kayan magada ne, ba mutum ɗaya ke da ikon sayarwa ba. In talauci ya matsa har aka yarda za a sayar, toh kar a karɓi farashin farko, kar a haɗa da takardu na asali, kuma kafin su bar gidan a ɗauki hoton kowace gaba da baya da bakinta, a kwafe duk rubutun da ke jiki a littafi. In kuma matsalar ita ce ba wanda zai kula da su, gidan tarihi kamar Gidan Makama a Kano ko na Kaduna ko Jos ya fi dillali, a je a tambaya ko za su karɓa, a kuma nemi takardar shaidar karɓa da sunan marigayin da lambarsa a jiki.